A Sauƙaƙa wa Masu Goyon da Ba a Yayewa

A ƙasar Hausa goyo yana da wa'adi. Yaro ya kusa shekara biyu a yaye shi, ya sauka daga baya ya bi sa'o'insa, majanyi ya koma kan ƙane. Amma a Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran garuruwanmu, akwai matan da wa'adin nan bai zo musu ba. Ɗan ya kai shekara bakwai, ya kai goma, wuyansa bai tsaya ba, ko ƙafa ba ta ɗaukarsa, ko farfaɗiya na kayar da shi ba sallama. Uwar ke ciccibarsa zuwa makewayi, ita ke ba shi kunu cokali-cokali tana fargabar kada ya ƙware, ita ke wanke shimfiɗa kullum safiya da ruwan da aka saya a hannun 'yan garuwa. Biki ya wuce ta, suna ya wuce ta, Islamiyyar matan aure ma ta daina zuwa. In maƙwabta sun leƙo, abin da suke ba ta shi ne, "Sai haƙuri, jarrabawa ce, Allah ya ba da lada." Addu'a ce mai kyau, mu ma muna cewa amin. Sai dai in sun fita, ita da ciwon bayanta ake bari.

Akwai dalilin da ya sa muka dubi wannan yanki musamman. A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta tabbatar da ɓarkewar sanƙarau a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero, ta sanar da rasuwar mutum 26 a karon farko, jami'ar jiha da ke Aliero kuma ta rufe na ɗan lokaci bayan rasuwar wasu ɗalibai. An ƙirga waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka tashi kuwa, lissafinsu ya ƙare a ƙofar asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da suka tsira daga irin wannan sanƙarau suna fita da tabo mai ɗorewa: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓoɓi, ko wahalar magana da riƙe karatu. Ga kuma tsofaffin hanyoyin da muka saba da su: doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi a kan lokaci, shawarar jarirai da aka yi wa sakaci, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ƙyanda, da sikila mai shanye ɓarin jikin yaro. Da yawa daga cikin yaran da ake nunawa da baki a ce "ɗan ruwa ne", abin da ya same su ke nan. Sunan nan ya cuci iyaye mata ƙwarai, domin yana tura su yawon neman magani inda babu shi, har akuya da 'yan kunne su ƙare.

Doka dai akwai ta. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ce a fara sallamar su a duk inda ake bin layi, ta haramta amfani da su wajen bara, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Muna maraba da dokar, amma matar da ke Kimba ko Sabiyal ko Andarai ba ta taɓa jin labarinta ba, kuma abin da ke gabanta da safe shi ne yadda za ta ajiye yaron nan ta hura wuta.

A nan muke so mu tsaya, domin a nan ne aikin yake, kuma ba shi da tsada. Yaron da jikinsa ya shanye, in ya wuni kwance a tabarma, gaɓoɓinsa suna ƙara ƙagewa, gyambon kwanciya na fito masa, musamman a zafin Maris da Afrilu. In aka ba shi abinci a kwance, yakan bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, sai ciwon haƙarƙari ya biyo baya. Abin da ke rage duk wannan kujera ce kawai: 'yar kujera mai kusurwa da ke tallafe baya da kai, da ɗamarar ƙyalle a ƙugu, da ɗan tebur a gaba. Yaron ya zauna ya ga tsakar gida, ya ga 'yan'uwansa na wasa, ya haɗiye abinci lafiya. Uwar kuma hannayenta biyu su dawo nata, ta yi daka, ta yi ɗinkin hula, ta soya ƙosan sayarwa. Duk kafintan da ya iya haɗa gadon amarya a Jega zai iya yin ta, muddin ma'aikacin gashin ƙashi ya auna yaron ya ba shi zane. Inda katako ya yi tsada, da kwali ake yi. A Zimbabuwe aka fara wannan dabara ta manna kwalaye da kwaɓin fulawa har su yi ƙarfin ɗaukar mutum, daga baya ta bazu zuwa Kenya da Gana. Kwali kuwa ba ya yankewa a kasuwar Jega.

Haka batun makewayi, wanda kunya ke hana iyaye faɗa. Masai na tsuguno ba ya yi wa yaron da ba ya iya tsugunawa, don haka uwa ke riƙe da shi a kan rami, ko ta yi ta sayen famfas na manya da kuɗin da babu. Kujerar roba da aka huda tsakiyarta aka ɗora a kan ramin, da ƙarfen dafawa da mai walda zai kafa a bango, da leda mai kauri da tela zai ɗinke katifa da ita, sun isa su rage rabin wankin gidan. Dokin ƙofa mai tsawo a zaure, shebur biyu na siminti ke mai da shi gangara.

Mun san abin da aka saba: a tara jama'a a sakatariya, a jera kekunan guragu, a ɗauki hoto, a watse. Niyyar mai kyau ce. Amma yawancin kekunan nan na manya ne, irin na cikin asibiti, masu siraran tayoyi da aka ƙera don daɓen siminti. A sa yaro ɗan shekara shida a ciki ya zame, a tura shi cikin rairayin lungu ya kafe, taya ta fashe ba a sami irinta ba, daga nan keken ya koma mashanyar kaya. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa ba da keke yana tafiya ne tare da awo, da daidaitawa, da koya wa mai shi, da bibiyar gyara. Misali na nan kusa. A Kano, ƙungiyar waɗanda suka tsira daga shan inna ƙarƙashin Aminu Ahmad Tudun Wada ta daɗe tana ƙera keke mai taya uku da ake murzawa da hannu. A Jos, Ayuba Gufwan, wanda aka naɗa shugaban hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2024, ya yi shekaru yana ƙera irinsu yana rabawa. Sirrin nasu ɗaya ne: kayan keken hawa suke amfani da su, don haka duk mai faci a bakin tasha zai iya gyarawa.

Wa ya fi cancanta ya ɗauki wannan aiki a Kebbi? Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 tana da ɗaliban injiniya da ke neman aikin kammala karatu kowace shekara. Kwalejin kimiyyar lafiya da ke Jega tana yaye ma'aikatan lafiya na karkara. In an haɗa waɗannan da kafintoci da masu walda da dukawa na garuruwan uku a rumfa ɗaya, an samu wurin ƙera kujeru da kekuna da takalman gyaran ƙafa, an kuma samar wa matasa sana'a. Ma'aikacin lafiyar da ya fito daga Jega ya kamata ya san yadda ake zaunar da yaro a ba shi abinci, ya kuma san ya gaya wa iyayen da aka sallamo daga jinyar sanƙarau su kai a gwada jin yaronsu cikin makonnin farko.

Sai maganar hanya. Ƙwararrun gashin ƙashi da na kunne da na ƙwaƙwalwa sun fi yawa a Birnin Kebbi da Kalgo da Sakkwato da Kware. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama shi ne ke yanke hukuncin ko za a koma asibiti ko a'a. Uwa daga Mungadi za ta hau kabu-kabu da ƙaton yaro a cinya, ta canza mota, ta biya kujera biyu, ta isa ta tarar da layi. In ta yi sau uku, na huɗu sai a haƙura. Allah kuwa ya ajiye Jega a mahaɗa: Aliero na kan hanyar Sakkwato, Maiyama na kan hanyar Koko, Birnin Kebbi na gefe ƙasa da tafiyar awa ɗaya. Ya fi sauƙi ƙwararru uku su shigo mota ɗaya su zo Jega a wata tsayayyiyar rana kowane mako, da a ce iyaye ɗari su bi su. Ranar ta zama sananniya kamar ranar kasuwa, a sanar a rediyo da masallatan Juma'a, kada kuma a saɓa ta.

A wannan rana ce ya kamata a riƙa ba da maganin farfaɗiya na wata biyu ko uku a lokaci guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in suna shan magani yadda ya kamata, kuma wasu daga cikin magungunan masu araha ne. Yankewar maganin ce ke dawo da ciwon, wani lokaci da ƙarfi fiye da da. A kuma faɗa wa jama'a ƙarara cewa miyan mai farfaɗiya ba ya harbin kowa, ba a cusa masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe ne a kawar da abin da zai ji masa ciwo. A gida a kewaye murhu da 'yar katanga, a yi wa rijiya murfi. Ƙunar wuta da ake gani a jikin irin waɗannan yara, yawancinta daga nan take.

Muna da roƙo ga masu ɗorin Aliero, waɗanda sunansu ya kai nesa, har ana ɗauko masu karaya daga wasu jihohi ana kawo musu. Duk wanda hannu ko ƙafar ɗansa ta sami matsala a wannan yanki, tunaninsa can yake fara zuwa, kuma maganarsu na da nauyi a kunnen iyaye. Jaririn da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa ba karaya gare shi ba. Ana gyara ta a asibiti da filasta da ake canzawa mako-mako, sannan a sa takalmi na musamman, kuma an fi samun nasara in an fara tun yana jinjiri. Mai ɗorin da ya ce wa uba, "Wannan ba namu ba ne, ka kai shi asibiti gobe," ya ba yaron ƙafar da zai taka har tsufansa.

Makarantun kurame da makafi irin su A. A. Raji ta Sakkwato da Tudun Maliki ta Kano sun yi wa al'umma aiki, amma ba kowace uwa ce za ta iya rabuwa da ɗan shekara shida ta kai shi kwana a birni ba. Aji ɗaya a babbar firamare ta kowane gari cikin ukun nan, da malamin da ya iya maganar hannu, da makewayin da keke zai shiga, zai ba yaron karatu ya ba uwar awa huɗu na numfashi. Gwamna Nasir Idris malamin makaranta ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan ba.

Kuɗin fa? Akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, akwai hukumar KECHEMA ta jiha da ke yi wa marasa ƙarfi rajistar inshorar lafiya, ya kamata yaran nan su kasance a sahun gaba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne. Ga kuma dillalan albasa na Aliero da attajiran Jega. Malamanmu na Malikiyya ba su ɗora zakkar amfanin gona a kan albasa ba, amma kuɗin cinikinta in ya kai nisabi ya shekara, zakka ta hau kansa, ƙofar waƙafi kuma a buɗe take. Kuɗin buhun albasa kaɗan a lokacin tsada zai zaunar da yara da dama.

Ba za mu rufe ba sai mun yi wa maza magana. Akwai uban da ke ɗora wa matarsa laifin haihuwar, ya ƙaurace wa ɗakin, wani ma ya kai ga saki. Wannan zalunci ne, kuma ya kamata limamai su kira shi da sunansa a kan mumbari. Ɗaga yaro mai nauyi zuwa wanka da makewayi aikin mai ƙarfi ne, uba da yayye maza suka fi dacewa da shi.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama su fara da ƙidaya. Masu unguwanni da dagatai sun san kowane gida, ma'aikatan rigakafin shan inna sun shekara da shekaru suna shiga lungu-lungu suna rubutu da alli a jikin ƙofofi. A bi sawunsu a rubuta yaran nan, a tambayi kowace uwa abin da ya fi wahalar da ita a wuninta, sannan a sa ranar asibiti ta Jega da rumfar ƙera kujeru a cikin kasafin kuɗi mai zuwa. Ke kuma maƙwabciya, kafin hukuma ta iso, ki shiga gidan nan a wannan mako ki karɓi yaron na awa biyu, uwar ta samu ta yi barci ko ta je ta gaida iyayenta.