Ra'ayinmu: Ƙaramin Malamin Jami'a da Alƙawarin da Ya Sa wa Hannu

Wasu daga cikin 'yan uwanmu matasa da jami'o'i suka ɗauka a matsayin mataimakan malamai, suna koyarwa suna kuma neman digiri na biyu ko na uku, sun yawaita tambayarmu: shin ya halatta mutum ya ajiye wannan aiki alhali wa'adin da ya sa wa hannu bai cika ba? Amsarmu ita ce yana iya fita, amma ta ƙofa, da sanin waɗanda suka ɗauke shi.

Dokar ƙasa ba ta ɗaure kowa ba. Sashe na 34 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta aikin tilas, kotu kuma ba ta tilasta wa ma'aikaci zama inda ba ya so. Iyakacinta ta sa shi ya biya abin da yarjejeniya ta ɗora masa. To amma wannan ba shi ne ƙarshen magana ga Musulmi ba. A wurin malaman Malikiyya ijara ƙulli ne mai lizimtar ɓangarorin biyu, ɗaya ba ya warware shi don ya hango albashi mafi tsoka. Suratul Ma'ida da umurnin cika alƙawari ta buɗe, kuma Annabi Musa (AS), da aka ba shi zaɓi tsakanin shekara 8 da 10 a Madyana, sai da ya cika wa'adi kafin ya tafi da iyalinsa. Mafitar da shari'a ta bari ita ce iƙala, wato a zauna a warware bisa yardar juna. Ma'anarta a yau shi ne a ba da sanarwa a rubuce, a gama duba takardun jarrabawar ɗalibai, a miƙa sakamako, a kuma mayar da kuɗin da aka kashe idan akwai sharaɗin haka.

Abin da muke ƙi shi ne sulalewa. A 2023 shugaban asusun TETFund, Sonny Echono, ya shaida wa wani kwamitin Majalisar Wakilai cewa sama da malamai 137 da aka tura karatu waje sun ƙi dawowa. Daga farkon 2025 asusun ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin masu zuwa waje, yana kafa hujja da tsadar canji da kuma wannan gudu. Wa ya sha ukuba? Ƙanin da ke bin layi, da dattijon malamin da ya tsaya wa mai gudun, wanda yanzu shi ake nema. Dukiyar nan kuwa ta al'umma ce, ba ganima ba ce don kawai sunan gwamnati ne a kanta.

Ba mu wanke hukuma ba. Ita ce ta riƙe albashin malamai saboda yajin aikin wata 8 na 2022, kuma da naira ta faɗi a 2023 ɗalibai da dama a waje sun shiga ƙunci. Wanda aka hana wa haƙƙinsa yana da hujjar neman a sake shi, ko a rage masa abin da zai biya. Sai ya rubuta, ya lissafa watannin da ba a biya shi ba, ya kai wa shugaban sashensa, sannan ya sanar da masu tsaya masa tun kafin ya sayi tikitin jirgi.