Wai Don Manomi Ya Kama Babban Kifi Sai A Ce Ƙwarewa Banza Ce?

Gardama ce ta kaure a majalisarmu ranar Asabar da daddare, har shayi ya huce ba wanda ya kula. Wani abokinmu, malamin makaranta ne kuma mutum ne mai yawan karance-karance, shi ya tayar da ita. Ya ce wai ya bi diddigin kundin da ake rubuta manyan kifayen da aka taɓa kamawa a duniya, ya tarar 'yan sha'awa ne suka cika shi, masu zuwa bakin ruwa ran hutu don nishaɗi, ba waɗanda kamun kifi ne sana'arsu ba. Daga nan sai ya yanke hukunci: ai komai rabo ne, ƙwarewa tatsuniya ce kawai. Ya faɗi haka a gaban samari uku da ke zaune suna gyaɗa kai, ɗayansu ma yana koyon kafinta ne. Ni kuwa dangin mahaifiyata masunta ne a Yawuri, don haka maganar ta tsaya mini a wuya, kuma tunda a majalisa mai ƙarfin murya ke cin nasara, sai na ga gara in zauna in rubuta amsata a tsanake.

Zan fara da ba shi gaskiyarsa, don kada a ce son rai na bi. Kundin da yake magana a kai na wata ƙungiya ce mai suna IGFA, wadda aka kafa a 1939, hedikwatarta na jihar Fulorida a Amurka. Kuma lallai idan ka duba manyan sunayen da ke ciki, ba za ka ga zakarun gasa ba. Ɗauki kifin da Amurkawa suka fi haukacewa a kai, wanda suke kira bas mai faɗin baki. Wanda ya kafa tarihinsa wani saurayi ne manomi, George Perry, a jihar Jojiya, ranar 2 ga Yuni, 1932. Ruwan sama ne ya hana shi shiga gona, lokacin kuma ana cikin matsin tattalin arziki, sai ya tafi tafkin Montgomery da abokinsa don neman na miya. Ya ciro kifi mai nauyin kilo 10 da 'yan kai, aka auna shi a gidan waya, aka kai gida aka soye aka cinye. Shekara 77 ba wanda ya kamo shi, sai a 2009 wani Bajapane, Manabu Kurita, ya kama irinsa a tafkin Biwa. Na Kurita ya ɗara da ɗan kaɗan, amma da yake ƙa'idar ƙungiyar ta ce sai an zarce da kimanin giram 57 a kifi mai wannan girman, aka rubuta su kunnen doki. A tsakanin nan an yi zakaru irin su Kevin VanDam, wanda ya lashe babbar gasar Bassmaster Classic har sau 4, ya tara miliyoyin daloli, amma bai taɓa ɗaga kifi kamar na wannan manomin ba.

To, malam, na yarda. Amma daga "'yan sha'awa sun fi yawa a kundin" zuwa "ƙwarewa banza ce" akwai tafiya mai nisa, kai kuwa tsalle ɗaya ka yi.

Ka fara da lissafin da kake koya wa yara. Masu jefa ƙugiya don nishaɗi a Amurka miliyoyi ne barkatai, suna kan kowane tafki da rafi, safe da yamma, rani da damina. Waɗanda ke fafatawa a babban rukunin gasar Bassmaster kuwa mutum ɗari ne da 'yan kai. Kifin da ya fi kowane girma ɗaya ne tal cikin miliyoyi, kuma ba ya tambayar takardar shaidar mai ƙugiya kafin ya haɗiya. In ka watsa gero a tsakar kasuwa, wa zai fi samun ƙwayar da ta fi girma, tattabaru dubu ko shaho ɗaya? Da ma a ce ƙwararrun ne suka cika kundin, shi ne abin mamaki.

Sannan kuma ɗan gasa ba babban kifi ɗaya yake nema ba, wannan shi ne abin da abokina bai fahimta ba sam. Ana ba shi awa takwas ko makamancin haka a yini, a tafkin da masu shirya gasa suka zaɓa, a ranar da suka zaɓa, ko iska ake ko rana. Kifi biyar ake auna masa, jimillar nauyinsu ake dubawa. In ya makara a rage masa, in kifi ya mutu a hannunsa a rage masa. An kuma hana shi sa ɗan kifi mai rai a ƙugiya, sai na roba ko na ƙarfe. Mutumin da kuɗin makarantar 'ya'yansa ya rataya a kan kifi biyar ba zai zauna yini guda yana gadin uwar kifi ɗaya da ƙila ba za ta ci ba. Kurita kuwa da ɗan kifi mai rai ya kama nasa, abin da a gasa zai sa a kore shi. Kuma kada a yaudare ka da kalmar "ɗan sha'awa": mutumin nan ya shafe shekaru yana farautar manyan kifayen Biwa, ya san kwanciyarsu da tashinsu. Ƙungiyar ma sai da ta yi wata shida tana bincike, har da sa shi a na'urar gano ƙarya, kafin ta amince a Janairun 2010. Wannan ba mai tsintuwa ba ne, gwani ne da bai shiga gasa ba.

Amma duk wannan share fage ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka tsara kundin kansa. Ka san wa ke da tarihin kifin teku mai dogon baki kamar mashi, baƙin malin? Alfred Glassell, attajirin mai da iskar gas daga Hustan, wanda ya kama mai kilo 707 a gaɓar Cabo Blanco ta ƙasar Peru a 1953. Masu son adabi za su so su ji cewa hoton kokawarsa da kifin aka yi amfani da shi a fim ɗin da aka yi a 1958 daga littafin Hemingway na tsoho da teku, shi kuma Hemingway ya taɓa zama mataimakin shugaban IGFA ɗin. To wa ya tuƙa jirgin da Glassell ya hau? Wa ya san inda kifin ke bi a wannan watan, wa ya ɗaura abincin a ƙugiya, wa ya riƙa juya jirgi yana bin kifin don kada zare ya tsinke, wa ya sa ƙugiyar hannu ya jawo shi a ƙarshe? Ma'aikatan jirgi ne, masu cin abinci da teku. Ƙa'ida ta ce ba wanda zai taɓa sanda ko zaren sai mai kamun, saboda haka sunan mai kamun ake rubutawa. Ban ce Glassell bai sha wuya ba, kusan awa biyu ya yi yana ja. Amma kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, kuma a nan ma'aikacin jirgi ne kurar. Haka abin yake a tafkin Nasir na Masar, inda wani baƙo, William Toth, ya kama giwan ruwa mai kilo 104 a shekarar 2000, wanda ƙungiyar ta rubuta. Baƙin da ke zuwa can jagorori 'yan ƙasa ke kai su inda kifi yake.

Giwan ruwan nan shi ya kawo ni gida. Kundin IGFA na masu sanda da zare ne kurum. Wanda ya kama da taru, ko birgi, ko homa, ko mamari, ba shi da shafi a ciki ko da kifinsa ya kai girman sa. Wato an rufe wa masunci na gaskiya ƙofa tun kafin a fara ƙirga, sannan abokina ya leƙa ɗakin ya ce, ka gani, ba masunci ko ɗaya! A 2005 masunta a arewacin Tailan suka ciro wata tarwaɗar kogin Mekong mai kilo 293 da taru. A 2022 wani masunci a Kambodiya ya kama wani faffaɗan kifi mai kilo 300 a kogin dai, masana suka auna suka sa masa alama suka sake shi, kundin Guinness ya rubuta shi a matsayin kifin ruwan daɗi mafi girma da aka taɓa aunawa. Waɗannan mutanen da kogi ke ciyarwa ne, ba masu hutun ƙarshen mako ba.

Ko Argungu ma ta ishe mu misali. Tun 1934 ake bikin, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. A bikin 2020 wanda ya zo na ɗaya ya fito da kifi mai kilo 78 daga Matan Fada, da homa da gora da ƙarfin damtse, cikin turmutsutsun dubban mutane da ruwan da ya koma taɓo. Na san 78 bai kai 104 ba, ba sai an tuna mini ba. Amma wancan yana zaune cikin jirgi mai inji da jagora a gefensa, wannan kuwa nutsewa ya yi ya rungumo abinsa. Kuma wannan an auna ne don biki ne. Giwayen ruwa nawa Sarkawa suka ciro daga Neja da tafkin Kainji aka yanyanka aka banda aka loda a kwando kafin azahar, ba sikeli ba hoto? Kawuna bai taɓa tunanin ya nemi shaidu biyu da mai ɗaukar hoto ba in ya yi babban kamu. Dillali yake nema kafin rana ta ɓata masa kaya.

Ban ce rabo babu shi ba, wane ni. Perry rabonsa ne ya tsaga, kuma kowane masunci da bismilla yake shiga ruwa don ya san ba dabararsa ce ke ba shi ba. Ban kuma ce duk ɗan gasa waliyyi ne ba. A 2022 an kama wasu biyu a gasar tafkin Erie a jihar Ohayo sun cusa wa kifayensu dunƙulen darma a ciki don su yi nauyi, har kotu ta ɗaure su. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki abin da ya faru sau ɗaya a shekara 77 a auna mutumin da ke fita kullum ya dawo da abin da za a ci. Perry kansa bai sake kama irin wancan ba har ya bar duniya.

Saboda haka ga tayina, malam, kuma a gaban samarin nan uku nake so ka amsa. In an yi hutun makaranta mu tafi Yawuri, ni zan biya kuɗin mota. Zan saya maka sanda da zare da ƙugiya irin ta Turawa, a ba ka kwalekwale naka, kawu ya shiga nasa. Kwana bakwai, kowa iyalinsa su ci abin da ya kamo kawai. Sai dai ka fara shawara da uwargida kafin ka ce ka yarda.