Intanet Zuwa Karkara: Kada Aikin Ya Tsaya A Hedkwatar Ƙaramar Hukuma

A watan Mayu na shekarar 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa igiyar intanet mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin Nijeriya, ƙari a kan wajen kilomita 35,000 da ake da su a lokacin. An ƙiyasta aikin zai ci kimanin dala biliyan 2. A shekarar 2025 kuma Ministan Sadarwa, Dokta Bosun Tijani, ya sanar da cewa za a kafa ƙarafan sabis 7,000 a karkara. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, gama yawancin ikilisiyoyin da ke yin sujada da Hausa a ƙauyuka suke, daga ƙasar Zuru zuwa Zangon Kataf, daga Bokkos zuwa Billiri da Michika. Muna goyon bayan shirin. Amma ba za mu auna shi da tsawon igiya ba, sai da ko matar da ke ƙauyen bayan dutse ta samu sabis a ƙofar gidanta, a kan kuɗin da za ta iya biya.

Wani zai ce, ina ruwan manomi da intanet, alhali ko rijiyar burtsatse babu a garinsu? Tambaya ce mai nauyi, amma gwamnati da kanta ta riga ta amsa ta. Tun shekarar 2015 ake rubuta jarrabawar JAMB a kan kwamfuta kaɗai. A watan Disamba na 2020 aka umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace daga hannun jama'a, aka ce a riƙa ciniki ta waya. Wanda ya je kasuwar ƙauye da buhun masara a watannin nan ya san abin da ya faru: mai saye ya ce ya tura kuɗi, mai sayarwa yana ta ɗaga waya sama yana neman sabis, rana tana faɗuwa. In hukuma ta mai da makaranta da banki da shaidar zama ɗan ƙasa bisa intanet, sa'an nan ta bar rabin jama'a ba su da shi, ai ta rufe musu ƙofa ke nan. Wannan batun adalci ne, Ikilisiya kuwa ba ta da izinin yin shiru a kan adalci.

Amma alkawari kaya ne, kuma ba yau aka fara yi mana shi ba. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman, USPF, domin kai sadarwa wuraren da kamfanoni ba sa zuwa. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya ce kashi 70 cikin 100 za su samu intanet mai sauri, kuma gigabait ɗaya na data ba zai wuce naira 390 ba. Shekarar 2025 ta ƙare ba a kai kashi 70 ɗin ba. A watan Janairu na shekarar 2025 ma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100.

Bari mu fahimci dalilin da ya sa ƙauye yake zama a baya. Igiyar nan da ake binnewa kamar babban titi take, tana haɗa birni da birni. Ba ita ce ke shiga wayar hannu ba. Sai an ja reshe daga jikinta zuwa ƙarfen sabis, ƙarfen kuma yana bukatar wuta dare da rana, wato janareta da man gas ko sola, da mai gadi. Kamfani ɗan kasuwa ne. In ya lissafa ya ga mutanen gari ba su da yawa, kuma katin naira ɗari ɗari suke saye, ba zai kafa ƙarfe a can ba sai gwamnati ta ɗauki wani kashi na kuɗin. Saboda haka ana iya kai igiya hedkwatar dukan ƙananan hukumomi 774, a yi biki a yanke kyalle, amma ƙauyen da ke da nisan kilomita 30 daga sakatariya yana nan yadda yake.

Akwai kuma hakkin gwamnatocin jihohi. Kafin kamfani ya haƙa ramin igiya a gefen hanya sai ya biya jiha kuɗi a kan kowace mita. An yi yarjejeniya cewa kada ya wuce naira 145, amma jihohi da dama sun daɗe suna karɓar ninkin ba ninkin. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin ɗungum a shekarar 2020. Ya kamata kowannenmu ya tambayi ɗan majalisar jiharsa nawa ake karɓa a tasu jihar, gama harajin da ya hana igiya shigowa talaka ne yake biyansa.

Mun san waɗansu dattawanmu suna jin tsoron abin, kuma tsoronsu yana da tushe. Ta waya ne caca ta shiga aljihun samari. Ta nan hotunan banza suke zuwa, da 'yan damfara, da annabawan ƙarya masu sayar da mai da ruwa. Ta nan kuma jita-jita take yaɗuwa, har ta haɗa Kirista da maƙwabcinsa Musulmi faɗa a kan abin da bai faru ba. Amma rashin sabis ba ya tsare yaro, gama zai je birni ya tarar da abin ba tare da an koya masa kome ba. Mun kuma ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara da waɗansu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda 'yan bindiga. Ciniki ya tsaya, iyalai suka kasa jin labarin juna, mara lafiya ya rasa yadda zai kira a kawo masa mota.

Iyayenmu cikin bangaskiya ba su guji sabon abu ba. Da aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a shekarar 1932, ba su tsaya sha'awar bangonsa ba, sai suka buɗe azuzuwan koyon karatu a majami'u da ƙarƙashin itatuwa. Da rediyo ya zo, suka sa bishara a ciki, ta gidan ELWA da Muryar Bishara. Sun karɓi kayan aikin, suka kuma koya wa mutane yadda za su riƙe shi. Abin da ke gabanmu ke nan.

Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Muna ba da shawara kowace gunduma ta Ikilisiya ta rubuta sunayen ƙauyukanta da ba su da sabis, ko waɗanda sai an hau tudu ake samu, tare da yawan gidaje da makarantu da asibitocin da ke wurin. A kai takardar wa shugaban ƙaramar hukuma da 'yan majalisa da ofishin NCC, da sa hannun dagaci da limamin gari, gama ƙarfen sabis ba ya tambayar addinin mai kira. Inda aka riga aka kafa ƙarfe, mu tsare shi kamar rijiyar gari. A shekarar 2024 gwamnati ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, amma ɗan sanda ba ya kwana a kowane ƙauye. Wanda ya sayi batir ko waya da aka sato daga jikin ƙarfe, abokin ɓarawo ne, ko da yana zama a bencin gaba ranar Lahadi. Majami'ar da take da sola ta bar jama'a su yi cajin waya. Matasa da suka iya kwamfuta su ba da yammacin Asabar su koya wa ƙannensu kafin JAMB, su kuma nuna wa zumuntar mata yadda ake ɓoye lambar sirri ta banki.

A zamanin Nehemiya, sarki ne ya ba da izini da katako, amma garun Urushalima bai tashi ba sai da mutane suka fito, waɗansu suna gyara sashen da ke daura da gidajensu. Gwamnati ta cika nata alkawari, mu kuma za mu ci gaba da tambaya har igiyar ta wuce hedkwata ta iso inda jama'a suke. Ubangiji ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ba mu hikimar yin amfani da abin da ke zuwa. Amin.