RA'AYINMU: Hasken Da Ke Tona Asirin Jabun Magani

'Yan'uwa, da zarar damina ta kankama a nan Minanata, da wuya a sami gidan da zazzaɓin cizon sauro bai kwantar da wani ba. Uwa takan ruga kemis, ko ta tare mai tallar magani a bakin titi, ta saya da ɗan abin da ke hannunta. Amma ido ba ya iya rarrabe ƙwayar kirki da wadda aka yi da alli ko sitaci, domin kwali ɗaya ne, launi ɗaya.

Mun san abin da mugun magani ya jawo wa ƙasar nan. A shekarar 1990 ruwan farasitamol mai guba ya kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 kuma, maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya ci rayukan yara 84.

To, abin da ido ya kasa, haske ya iya. A 1928 wani masani ɗan Indiya, C. V. Raman, ya gano cewa idan haske ya faɗa kan abu, mafi yawansa yakan dawo yadda ya tafi, amma ɗan ƙanƙanen kashi yakan dawo da launinsa a sauye. Kowane sinadari da irin sauyin da yake haddasawa, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa. Wannan bincike ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1930.

A kan wannan ilimi aka ƙera na'urar hannu mai suna TruScan, wadda hukumar NAFDAC ta fara aiki da ita a 2010, zamanin shugabancin Dokta Paul Orhii. Jami'i yakan haska hasken leza a kan ƙwaya, ko da tana cikin ledarta, sai na'urar ta gwada zanen da ya dawo da na magani na ainihi da aka ajiye a cikinta. Nan take ta nuna ko ya dace ko bai dace ba.

Sai dai na'urar tana da tsada, kuma magungunan da aka shigar mata kaɗai ta sani. Ba ta amfanar talaka in ba a kai ta inda yake sayayya ba. Saboda haka muna kira ga NAFDAC da gwamnatin Jihar Sakkwato su riƙa zagayawa da ita kasuwanni da shagunan unguwa, ba tashoshin jiragen ruwa da kan iyaka kaɗai ba.

Mu ma da namu aikin. Mu daina sayen maganin da ya yini a rana a kan faranti. Mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, mu kankare lambar tantancewa mu aika ta waya in akwai ta a kwalin. Zumuntar mata da ta matasa su yaɗa wannan magana gida-gida. Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu.