A Sa Wa Gada Sunan Janar Alkali A Jos

'Yan uwa na Sabo Ibadan, Agege, Shagamu, Fatakwal da sauran zangonninmu na Kudu. Daga Jos nake rubuto muku.

Duk ranar 15 ga Janairu akan yi bikin tunawa da sojojin da suka kwanta dama. Manya su ajiye furanni, a saki tattabaru, kafin la'asar kowa ya watse. Ni ɗan falken shanu ne, mahaifina a Kara ta Bukuru yake lodi, kuma a kan hanya na ga abin da ya fi fure daɗewa.

Duk wanda ya taɓa bin tirelar shanu ta hanyar Abuja zuwa Lokoja ya san gadar da ke kan Kogin Kwara a Jamata. Ranar da na fara rakiyar shanu, tsohona ya bugo waya, tambayarsa ɗaya ce: "Kun haye Gadar Murtala?" An kashe Janar Murtala Mohammed a Legas ranar 13 ga Fabrairu 1976, tun ba a san za a haife ni ba, amma har yau direba da ɗan kamasho da yaron mota sai sun ambaci sunansa. A wurin na tambayi ko waye shi, aka ba ni labari.

To ku kwatanta da nan gida. Barikin Runduna ta 3 da ke Jos sunansa na hukuma Maxwell Khobe, wato Birgediya Janar ɗin da ya jagoranci dakarun ECOMOG a Saliyo, ya rasu a shekarar 2000. Jarumi ne, ya cancanta. Amma ka tari ɗan Keke ka ce ya kai ka Khobe, sai ya tsaya kallonka. Kowa Barikin Rukuba ya sani. Sunan da ke bayan shinge, soja kaɗai ke karanta shi. Na kan gada kuwa yana shiga bakin talaka.

Shi ya sa nake ganin ya kamata gwamnatin Filato ta sa wa ɗaya daga manyan gadojin Jos sunan Manjo Janar Idris Alkali, misali gadar sama ta Sakatariya da muke bi in mun taso daga Bukuru.

Ga waɗanda suka manta, Janar Alkali ya taso daga Abuja zuwa Bauchi ranar 3 ga Satumba 2018, shi kaɗai a mota, bai daɗe da yin ritaya ba. A daren da ya gabata 'yan bindiga sun kashe mutane a yankin Dura-Du da ke Jos ta Kudu, matasa suka fusata suka tare hanya, shi kuma ya faɗa hannunsu. Ranar 29 ga Satumba sojoji suka ciro motarsa daga wani tsohon kududdufin haƙar kuza, kuma ba ita kaɗai aka samu a ciki ba. Sai ranar 31 ga Oktoba aka gano gawarsa a wata tsohuwar rijiya a yankin Shen. Allah ya jiƙansa.

Wani zai ce ai ba a fagen daga ya mutu ba. Gaskiya ne, kuma nan maganar take. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kaki, ya mutu irin mutuwar da kowannenmu ke tsoro: matafiyi bai san hawa ba bai san sauka ba, a tare shi saboda laifin wani. Kun tuna 14 ga Agusta 2021, da aka kashe matafiya fiye da 20 a hanyar Rukuba, suna dawowa daga zikiri a Bauchi za su koma Ikare a Jihar Ondo. Mazauna Kudu ne kamarku.

Wani kuma zai ce za a tono tsohon miki, wasu su ɗauka an yi ne don a kunyata su. Wannan damuwa ce ta gaske, don Jos gari ne da sunan unguwa ma kan tayar da jijiyar wuya. Kuma mu faɗi gaskiya ko da ɗaci: tare hanya a Jos ba ɓangare ɗaya ke yinsa ba. An kashe namu a unguwanninsu, an kashe nasu a unguwanninmu. Don haka in za a yi, a yi da sarakuna da malamai da fastoci a zaune, a rubuta a jikin gadar cewa don tunawa da Janar ne da duk matafiyin da aka kashe a hanyoyin Filato, ko wane addini yake bi.

Suna ba zai dawo da rai ba, ba zai maye gurbin hukunta masu laifi ba. Amma yaron da ya haye gadar zai tambaya kamar yadda na tambaya a Jamata, kuma dole wani babba ya ba shi amsa.

Ku da ke Kudu, shanunku da iyalanku ta wannan hanya suke bi. Shugabannin zango da na kasuwannin shanu su rubuta wa gwamnatin Filato, muryarku tana da nauyi. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.