Ra'ayinmu: Janar Buhari a Ma'aunin Manoman Arewacin Kano

Daga Ɗambatta zuwa Bichi, daga Kunchi zuwa Tsanyawa, da wuya a samu ɗan siyasar da talaka ya so kamar marigayi Muhammadu Buhari. Sau uku yana faɗuwa zaɓe talakawa suna biye da shi, har 2015 da Kano ta zuba masa ƙuri'u sama da miliyan 1.9.

Dalilinsu a fili yake. Soja ne da ya yi gwamnan Jihar Arewa maso Gabas a 1975, ya riƙe ma'aikatar man fetur, ya hau mulki a ƙarshen 1983, daga baya ya jagoranci asusun rarar man fetur na PTF, kuma jama'a suka shaide shi da tsare amanar dukiya. Da ya dawo cikin farar hula manomi ya gani a ƙasa: buhun taki ya sauko naira 5,500 a 2017, masu noman shinkafa a Watari ta Bagwai sun samu kasuwa, an kuma fara layin dogon Kano zuwa Maraɗi.

Sai dai hali zanen dutse ne. A 1984 ya rufe iyakoki ya canza kuɗi. A 2019 ya sake rufe iyakoki, a ƙarshen 2022 aka sake canza kuɗi. Mai babbar gona ya ci ribar rufe boda, amma a yankin da gonar gado ta tsattsage tsakanin 'yan'uwa, yawancin magidanta rumbunsu kan ƙare kafin damina ta yi nisa, su koma awo da tsada. Fataken kasuwar Dawanau masu hulɗa da Nijar ma sun ji jiki. Canjin kuɗi kuwa ya fi muni: a kasuwannin ƙauyen da babu banki, mutane sun yi ta karyar da akuya da hatsi don su riƙe tsaba a hannu. Tsaron da aka fi sa rai daga janar, a maƙwabciya Katsina taɓarɓarewa ya yi.

Hukuncinmu shi ne Buhari ya zo da gaskiya, amma ya yi mulkin farar hula da umarni irin na bariki, inda ya kamata a yi shawara. Duk tsohon sojan da zai zo neman ƙuri'a a yankin nan, jama'a su tambaye shi da wa zai yi shawara kafin ya yanke hukuncin da ya shafi abincinsu.