Waya Ɗaya Ba Ta Isar Tsibiri

Ran 15 ga watan Janairu, 2022, wani dutse mai aman wuta ya fashe a teku kusa da Tonga, ƙasar tsibirai a Tekun Pasifik mai mutane kimanin 100,000. Fashewar ta tsinke wayar ƙarƙashin teku guda ɗaya tak da ta haɗa ƙasar da Fiji. Jirgin gyara sai daga Papua New Guinea ya taso, aka yi mako biyar kafin waya ta dawo.

Duk mai neman abinci nesa da gida ya san zafin wannan. 'Yan Tonga masu aiki a New Zealand da Ostareliya suka yi kwanaki ba su ji ko iyayensu na da rai ba. Kuɗin da suke aikawa kuma ya maƙale, alhali kuwa da shi gidaje da yawa suke cefane.

Ba a ce tsibiran sun zauna haka kawai ba. Tun 1971 Jami'ar Hawaii ta haɗa tsibiran Pasifik ta tauraron ɗan Adam domin malamai da likitoci su riƙa musayar labari. A 1990 ƙananan ƙasashen tsibirai suka kafa ƙungiyar AOSIS don su yi magana da baki ɗaya game da hawan ruwan teku. To, amma ƙungiya ba ta iya isar da gargaɗin guguwa in hanyar magana ta yanke.

Lalle ne manyan ƙasashen da suka sha yin alkawarin taimako tun taron Barbados na 1994 su biya kuɗin waya ta biyu ga kowace ƙasar tsibiri mai guda ɗaya, su kuma ajiye jirgin gyara kusa.